Yadda kawuna ya ƙwato kuɗinsa daga banki a kotun ƙananan ƙararraki

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne a Sakkwato. Yana saye a hannun manoman Wurno da Goronyo da Gada, ya tara, ya yi lodi zuwa Legas da Anaca. Bai yi boko ba, amma in ka zayyana masa buhu ɗari uku da kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali, kafin ka gama danna waya ya ba ka amsa. Shi ya ce in rubuta wannan labari saboda abokan sana'arsa da ke ta kukan cajin banki a bakin rumfa, kuka kuma ba ya wuce rumfar. Aikina duba littattafan 'yan kasuwa ne, shi ya sa takardunsa suka biyo ta hannuna. Ba zan ambaci sunan bankin ba, don abin da ya same shi ba halin banki ɗaya ba ne.

Asusu biyu yake da su a banki guda: na kasuwanci mai cak, da na ajiya. In kuɗin kaya suka shigo na kasuwancin, yakan kwashe wani kaso ya mayar na ajiya don kada hannu ya kai gare shi, in lokacin saye ya zo ya dawo da shi. Shekara da shekaru haka yake yi. Abin da ya dame shi alat ɗin ƙarshen wata ne. Kowane wata sai an zare masa dubu goma, wani lokaci dubu goma sha wani abu, da sunan kuɗin kula da asusu. In ya je reshe ya tambaya, a ce masa, "Alhaji, kwamfuta ce ke cirewa." Ranar da ya kawo mini maganar cewa ya yi, "Ɗana, kwamfutar nan wa yab ba ta izini? Ina son ka duba min kuɗɗin da sunka ci."

Abu na farko shi ne sitetimen, wato takardar da ke nuna duk shige da ficen asusu. Na wata-wata kyauta ne, haƙƙinka ne a turo maka. In kuma ka nemi a buga maka na tsawon lokaci, jadawalin caji na Babban Bankin Najeriya, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ya ce kada a karɓi fiye da naira 20 a kowane shafi. Kawu ya nemi na shekara uku, daga Janairun 2022 zuwa Disambar 2024, na asusun biyu. Ya nemi a buga hatimin banki a kowane shafi, jami'i ya sa hannu. Wannan hatimin kada ka yi wasa da shi. Hoton alat a waya, ko takardar da ka buga da kanka a shagon kwamfuta, lauyan banki zai iya tsayawa a kansu da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ke neman takardar tabbaci ga duk abin da ya fito daga na'ura. Takardar da bankin ya buga da kansa ya sa mata hatimi, da wuya ya juyo ya ce bai san ta ba.

Daga nan aka zauna tsefe ta layi-layi, kuma a nan ne yawancin aikin yake. Kawu ya zo da zaton duk abin da aka cire masa sata ce. Ba haka ba ne, kuma wanda ya shiga kotu da wannan zato zai sha kunya. Naira 50 da ake cirewa a kan kuɗin da suka kai dubu goma zuwa sama, ta gwamnatin tarayya ce, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Cajin tura kuɗi zuwa wani banki a shekarun nan uku yana da matakai uku: naira 10 ga ƙaramin kuɗi har zuwa dubu biyar, naira 25 daga nan zuwa dubu hamsin, naira 50 ga abin da ya haura. A kan kowanne akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa a sitetimen ɗin ake ganin 10.75 da 26.88 da 53.75. Kuɗin saƙon alat a wancan lokacin naira 4 ne kowane ɗaya. Duk waɗannan mun ja musu layi mun ajiye gefe. Kawu bai ji daɗi ba, don in ka tara su sun fi ƙarfin kuɗin cefane, amma doka ta halatta su.

Abin da ya rage kashi huɗu ne, kuma biyu daga ciki su ne masu nauyi.

Kuɗin kula da asusu shi ya maye gurbin tsohon cajin da ake kira COT, wanda aka soke a 2016. Ƙa'idarsa a jadawalin 2020 ita ce: a kan asusun kasuwanci kaɗai ake cire shi, ba ya hawa asusun ajiya, iyakarsa naira 1 a kowace naira 1,000, kuma ba kowane kuɗin da ya fita ake lissafawa ba. Ana lissafa abin da ka tura wa wani mutum, ko abin da ka tura asusunka na wani banki daban. In daga aljihunka na dama ka mayar na hagu a cikin banki guda, babu caji. To a takardun Kawu, duk kuɗin da ya mayar asusunsa na ajiya an haɗa su cikin lissafi. A shekara ukun ya kwashe naira miliyan 96 ta wannan hanya. Naira ɗaya a dubu ta ba da 96,000, VAT ɗinta 7,200, jimla 103,200. Yadda irin wannan ke faruwa ba boyayye ba ne ga wanda ya san aikin: in an buɗe asusun biyu a lokuta daban, aka ba su lambar abokin hulɗa daban-daban, ko aka rubuta sunan da ɗan bambanci, na'ura ɗaukarsu take mutum biyu ne. Na Kawu, ɗaya yana da "Alhaji" a gaban suna, ɗayan babu. Lambar BVN kuwa ɗaya ce, kuma ita ce hujjar da ta nuna mai asusun guda ne.

Na biyu, wannan naira 1 ɗin iyaka ce, ba farilla ba. Ana cinikinta. Mai jujjuya kuɗi da yawa zai iya zama da manaja a rage masa. A farkon 2022 wani manajan reshen, da yake zawarcin 'yan albasa, ya ba Kawu wasiƙa cewa an rage masa zuwa kwabo 50 a dubu. Kawu ya ninke wasiƙar ya sa cikin jakar takardun fili, bai sake duba ta ba. Ragin bai taɓa shiga na'ura ba. A shekara ukun ya tura wa mutane naira miliyan 240, kusan miliyan 80 kowace shekara, duk an caje shi naira ɗaya cif. Rarar ta kama 120,000, da VAT 9,000, jimla 129,000. Sai dai wasiƙar tana da wani layi a ƙasa: ragin na wata 12 ne, ana sabunta shi a rubuce. Na nuna wa Kawu layin, na ce, "Kawu, shekara ɗaya wannan takarda ta rufe." Ya ce manajan da ya gaje shi ya faɗa masa da bakinsa, a gaban mutane, cewa ragin yana nan. Ya dage a sa duka. Aka sa.

Sauran biyun ƙanana ne. Ana cire masa naira 50 duk wata da sunan kula da katin ATM na asusun kasuwanci, alhali tun 2020 an soke wannan caji a kan irin wannan asusu. A lokacin a asusun ajiya kaɗai ya rage, shi ma naira 50 duk wata uku. Wata 36 da VAT ya kama 1,935. Sai wasu naira dubu arba'in da ya nemi cira a na'urar wani banki, dubu ashirin sau biyu, kuɗi bai fito ba, aka zare a asusu, ba a mayar ba. Umarnin Babban Banki na watan Yunin 2020 ya ce in na'urar bankinka ce a mayar nan take, in ta ƙi a mayar da hannu cikin awa 24. In ta wani banki ce awa 48. Na POS da sayayya ta intanet awa 72. Nasa ya shekara biyu.

Duka-duka 274,135. Aka zuba su a takarda mai layuka: kwanan wata, abin da sitetimen ya rubuta, nawa aka cire, nawa ya kamata a cire, bambanci, da shafin da abin yake. A kan sitetimen ɗin kuma aka shafa wa kowane layi kala. Alƙali yana da ƙararraki da yawa a gabansa, ba zai zauna ya nemo maka layi a cikin shafi ɗari da wani abu ba. In ka ce "shafi na 47, layi na tara," ya buɗe ya gani, ka yi rabin shari'arka.

Kafin kotu sai an fara kai kuka ga bankin a rubuce. Kwafi biyu ake yi, a miƙa ɗaya, a buga wa ɗayan hatimin "an karɓa" da kwanan wata a dawo maka da shi, sannan ka nemi lambar bibiyar ƙorafi. Maganar baka a teburin kula da kwastomomi ba ta da amfani gobe, don wanda ka yi wa ita ana iya canza masa reshe. Banki yana da mako biyu ya warware ƙorafi, na cajin da ya wuce ƙa'ida da na bashi kuma kwana 30. Cikin wannan wa'adi suka mayar wa Kawu dubu arba'in ɗinsa da kuɗin katin, ba tare da wani bayani ba, alat kawai ya gani. A kan manyan biyun kuma suka rubuto cewa an caje shi daidai da ƙa'ida. Saura 232,200.

A nan hanya ta rabu biyu, kuma ya kamata mutum ya san su kafin ya zaɓa. Akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki. Ana rubuta wa daraktansa, a haɗa da kwafin ƙorafin farko da amsar banki, a miƙa a reshen Babban Bankin da ke nan Sakkwato ko a tura ta imel. Kyauta ne, ba ka biyan ko kwabo. Sharaɗinsa biyu: kada abin ya wuce shekara shida da faruwa, kuma kada maganar ta riga ta je gaban kotu, don ba sa taɓa abin da ke hannun alƙali. Wato za ka iya zuwa Babban Banki sannan ka je kotu, amma ba ka yi ta baibai ba. A ganina wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, dubu biyar ko dubu ashirin, nan ya kamata ya tsaya. Bankuna na shakkar wannan sashe, domin jadawalin ya tanadi tarar naira miliyan biyu a kan kowace saɓawa. Kawu shi kotu ya zaɓa. Maganarsa ta rataya a kan wasiƙa da alƙawarin baka, yana son a kira mutum ya tsaya a tambaye shi.

Kotun ƙananan ƙararraki ba wani gini ne na daban ba. Majistare ne aka ware masa wannan aiki, yana zama a kan ƙarar kuɗi bisa wani tsari mai sauƙi da Babban Jojin jiha ke fitarwa. Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo a 2019, dukansu da iyakar naira miliyan biyar, daga baya sauran jihohi suka ɗauka. An yi ta ne don mai ƙaramin kuɗi ya iya tsayawa da kansa ba lauya, a gama cikin kwana 60 daga ranar shigarwa. Kowace jiha da nata kundin, don haka abu na farko da za ka nema a ofishin rajistara shi ne kwafin na jiharka. A ciki ne iyakar kuɗi da adadin kwanakin kowane mataki suke. Kuma kuɗi tsayayye take saurara, wanda za a iya lissafawa a faɗi adadinsa. Kawu ya so a ƙara rabin miliyan na ɓacin rai da zirga-zirga. Wannan ba wurinsa ba ne. Ka sa shi, ka ba lauyan banki ƙofar cewa ƙarar ba ta wannan kotu ba ce.

Matakin farko takardar neman biya ce, akwai fom ɗinta a rajista. A ciki kake faɗa wa wanda kake bi adadin kuɗin, ka ba shi kwana 14, in bai biya ba za ka kai shi ƙara. Wasiƙar ƙorafin da aka riga aka kai ba ta wadatar ba, sai an yi wannan daban, ita ma a karɓo kwafi mai hatimi. Da wa'adin ya cika shiru, aka koma aka cika fom ɗin ƙara da na sammaci. Da Turanci ake cikawa, wanda ba ya rubuta shi ya je da mai rubuta masa. Rajistara ne ke ƙiyasta kuɗin shigarwa gwargwadon abin da kake nema. Ka biya inda aka nuna maka, ka karɓi rasit, ka adana, don a ƙarshe za ka roƙi kotu ta ɗora wa wanda ya faɗi.

Wurin sunan wanda ake ƙara, Kawu sunan manaja ya faɗa. Rajistaran ya ajiye biro ya ce, "Baba, manaja ya ci kuɗinka ko banki?" Manaja ma'aikaci ne, gobe yana Gusau ko Birnin Kebbi. Banki kake ƙara, da cikakken sunansa na rajista kamar yadda yake a saman takardunsa, har da haruffan da ke ƙarshen sunan. Kuskure a nan kan sa a kori ƙara tun ba a taɓa gundarinta ba. Haka batun kai sammaci. Ma'aikacin kotu ke kaiwa, ba kai ba. Galibin bankunan hedikwatarsu na Legas, kuma lauyoyinsu sun saba da cewa ba a kai wa kamfani sammaci yadda ya dace ba in a reshe aka ajiye wa mai gadi ko wani ƙaramin ma'aikaci. Ka tambayi rajistara yadda kundin ya ce a kai wa kamfani, ka tabbata babban jami'i ya karɓa ya sa hannu da hatimi, sannan ka leƙa fayil ka ga shaidar kaiwa tana ciki kafin ranar zama. In babu ita alƙali ba zai saurare ka ba, ɗagewa zai yi.

Ranar zaman farko banki ya turo lauya, saurayi, da jakarsa da ƙatuwar fayil. Kawu kuma da babbar riga da ledar takardu. Alƙalin ya fara da tambayar ko za su sasanta, don tsarin kotun ya ɗora masa neman sulhu kafin komai. Aka ba su ɗan lokaci a baranda. Lauyan ya ce, "Alhaji, bankinku ne, ba ma son rigima da ku. Za a mayar muku 103,200 na tsakanin asusunku, ku janye sauran." Wato tun ba a shiga ba sun amsa kashi na farko, abin da suka musa a rubuce wata biyu da suka wuce. Kawu ya ce, "Yaro, wanga da kac ce, dama nawa ne. Maganar takardar manaja fa?" Ba su daidaita ba. Ga wanda zai karɓi sulhu a irin wannan wuri, kada ya janye ƙara a kan alƙawari. A rubuta sharuɗɗan, da adadi da ranar biya, ɓangarorin biyu su sa hannu, a miƙa wa alƙali ya mayar da su hukuncin kotu. In ba haka ba, ka janye, a yi ta ce maka hedikwata ba ta sa hannu ba tukuna.

Da aka koma ciki lauyan ya tashi da batun hurumi: wai harkar banki ta Babbar Kotun Tarayya ce, bisa sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Wannan magana tana razana wanda bai san ta ba. Gaskiya ne sashen ya ba waccan kotu harkokin banki, amma a cikinsa akwai togaciya cewa wannan bai shafi rigima tsakanin mutum da bankinsa a kan hulɗar da ke tsakaninsu ba, kuma Kotun Ƙoli ta daɗe da tabbatar da cewa kotunan jiha na da ikon sauraron irin wannan. An riga an rubuta wa Kawu wannan a 'yar takarda. Bai ma kai ga miƙa ta ba alƙalin ya yi watsi da ƙorafin ya ce a ci gaba.

Da Hausa Kawu ya yi bayani, tafinta na juyawa. An gargaɗe shi tun a gida kada ya shiga tarihin shekarun da ya yi da bankin, ko yadda aka bar shi a tsaye a layi. Ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya ce asusun biyu nasa ne, ya miƙa sitetimen, da takardar lissafi, da wasiƙar ragi, da ƙorafinsa, da amsar banki, da takardar neman biya, da shafukan jadawalin Babban Banki da suka shafi maganar. Kowace takarda kwafi uku: na kotu, na lauya, nasa. Asalin wasiƙar ragin aka nuna, aka karɓa.

Sai tambayoyin lauya. Ya ɗauki wasiƙar ya sa tafinta ya karanta layin ƙasa.

"Alhaji, kun sabunta a rubuce?"

"Manaja ya ce min tana nan."

"Ya rubuta muku?"

"Bai rubuta ba. Ranka shi daɗe, mu a kasuwa in mutum ya ce ya sayar, ya sayar."

Alƙalin ya tambaya ko akwai wanda ya ji lokacin da manajan ya faɗa. Akwai, wani abokin kasuwancinsa, amma lokacin yana Legas da kaya, kuma Kawu bai sa sunansa a cikin shaidu ba. Ko da ya zo ma, abin da wuya: takarda ta ce a sabunta a rubuce, maganar baka ba ta cika ture abin da aka rubuta ba. Ita kuwa jami'ar da banki ya kawo shaida, da aka nuna mata shafukan 2022 aka tambaye ta nawa aka caja a dubu, ta duba ta ce naira ɗaya. Aka tambaye ta wasiƙar tasu ce, ta ce hatiminsu ne. Aka tambaye ta BVN ɗin asusun biyu, ta ce ɗaya ne. Tambaya uku ke nan, kuma su kaɗai aka shirya masa ya yi. Mai tsayawa da kansa ya rubuta tambayoyinsa tun daga gida, gajeru, waɗanda amsarsu tana cikin takarda, kada ya tsaya musu da shaida.

Hukunci ya ba shi 103,200 na kuɗin da ya juya tsakanin asusunsa, da rarar shekarar 2022 kaɗai, wato 40,000 da VAT 3,000. Jimla 146,200, da kuɗin shigar da ƙara. Naira 86,000 na shekara biyun da ba a sabunta wasiƙa ba, ya rasa su. Lauyan ya so a cire VAT da hujjar cewa an riga an miƙa wa gwamnati; alƙalin ya ce harajin a kan cajin da bai halatta ba aka ɗora shi, mai asusu ba shi zai ɗauki asarar ba. Akwai kuma abin da Kawu ya bari da gangan. Ƙa'idar Babban Banki ta ce in an mayar da cajin da ya wuce kima a haɗa da ruwa a kai. Aka faɗa masa yana da damar nema, ya ce shi kuɗinsa yake bi, ba ya son ruwa ya shiga dukiyarsa. Wanda yake son nema, tun a fom ɗin ƙara zai rubuta, don kotu ba ta ba ka abin da ba ka roƙa ba.

Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha, kuma wa'adin gajere ne, kwana 14 a tsarin da aka saba. Kawu ya yi ta huci a kan dubu tamanin da shidan, amma da aka auna kuɗin lauya da lokacin da albasa ke fitowa, ya haƙura. Bankin ma bai ɗaukaka ba. Aka karɓo kwafin hukunci mai hatimin kotu, aka haɗa da wasiƙa aka kai reshe, aka aika wa lauyan nasa kwafi. Da sun ƙi biya, mataki na gaba komawa rajista ne a nemi kotu ta zartar, ma'aikatanta su je su kama kadara. Ba a kai nan ba, kuɗin suka shigo asusu.

Hukuncin kotu ba ya gyara na'urar banki. A ƙarshen watan da ya biyo baya aka sake lissafa masa kuɗin da ya mayar asusun ajiya, domin har lokacin asusun biyu na kan lamba daban-daban. Sai da aka rubuta wasiƙa ta musamman a haɗe su ƙarƙashin lamba ɗaya, aka daidaita sunan da abin da ke kan BVN, sannan cajin ya tsaya, suka mayar da na watan ba gardama. Ya kuma zauna da manajan yanzu ya karɓi sabuwar wasiƙar ragi, da ranar farawa da ranar ƙarewa. A ƙarshen watan farko aka tara abin da ya tura wa mutane, aka raba da dubu, aka ninka da kwabo hamsin, aka gwada da abin da aka cire. Ya yi daidai. Mai yin irin wannan lissafi yanzu ya lura cewa wasu farashin sun canza a 2025: daga 1 ga Maris cirar kuɗi a na'urar wani banki naira 100 ce a kowace dubu ashirin, da ƙari in na'urar ba a harabar banki take ba, daga 1 ga Mayu kuma saƙon alat ya koma naira 6. Kowane caji da ƙa'idar ranar da aka cire shi ake auna shi, don haka sitetimen ɗin da ya ratsa shekaru sai an raba shi gida-gida kafin a fara tarawa.